Ruwan Legas Ba Ya Sallama: Yadda Ake Shirya Gida Kafin Ambaliya

[Hoto: bangon wani ɗakin haya, kyamara na bin wani layi mai duhu]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi bangon nan da kyau. Kun ga layin nan mai duhu da ya zagaye ɗakin, daidai gwiwar babban mutum? Ba kwalliyar mai fenti ba ce, nan ruwa ya tsaya bara. Duk wanda ya kwana biyu a Legas, in ya je duba ɗakin haya, kafin ya tambayi kuɗi sai ya sunkuya ya dubi gindin bango. In ya ga sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma tsoho, to ya san da walakin. In ya ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu har sai ka tsallaka kafin ka shiga, ba ya bukatar wani ya yi masa bayani. Ni da na zo ban san wannan ba. A watan Janairu na kama ɗaki, ƙasa bushe ƙayau, ejan yana ta rantse-rantse wai ruwa bai taɓa leƙo layin ba. Watan Yuni ne ya faɗa mini gaskiya.

Mu da muka tashi a Arewa mun saba da wani irin ruwa: hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, a sheƙa shi awa guda, rana ta fito, ƙasa ta shanye. Ba wai can ba a ambaliya ba, abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle har yau yana ranmu. Amma na Legas halinsa daban. Damina biyu ake yi: babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo Satumba da Oktoba. Garin kuma kwance yake, wurare da yawa da kaɗan suka ɗara teku tsawo. Kwata na zubawa a manyan magudanai, magudanai na zubawa a tafkin nan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland, tafkin na zubawa a teku. To teku yana cika ya janye sau biyu a rana. In mamako ya dace da cikarsa, ruwan gari ba shi da mafita, sai ya dawo ta inda ya bi. Shi ya sa za ka ga kwata na amayar da ruwa maimakon ta haɗiye. Haka aka wuni ana zuba shi ranar 10 ga Yuli, 2011, aka yi asarar rayuka. Haka Lekki da Victoria Island, unguwannin masu hali, suka cika a Yulin 2017, wato kuɗi ma ba su hana ba.

[Hoto: rana tsaka, sama tas, ruwa kwance a tsakanin gidaje]

Akwai kuma na biyu, wanda ya fi yaudarar baƙo: ruwan da ke zuwa rana na haskawa. Can kusa da Abeokuta akwai madatsar Oyan. In ta cika a ƙarshen damina, dole hukumar da ke kula da ita ta buɗe ta rage, ruwan ya biyo Kogin Ogun ya gangaro. Isheri, kasuwar shanu ta Kara, Agiliti, bayan Mile 12, Owode Onirin, Ajegunle ta hanyar Ikorodu, duk a bakinsa suke, kuma kun san yawan 'yan uwanmu a waɗannan wurare. A Oktoban 2010 sai da aka kwashe mutanen Ajegunle zuwa sansani a Agbowa. Wannan ruwa a hankali yake hawa, yau idon sawu, gobe ƙwauri, kuma in ya zauna yakan yi makonni. Alherinsa ɗaya: ana sanarwa kafin a sake shi. Don haka in ka ji a rediyo an ce za a buɗe Oyan, kada ka ɗaga kai ka dubi sama ka ce ai babu hadari.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da na ambaliya. A saurara. Amma labarin layinku yana bakin tsohuwar nan mai sayar da burodi a kan kwana. Ka gaishe ta, ka tambaye ta ina ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa, kuma ta ina yake fara shigowa. Za ta nuna maka da hannu.

To yanzu mu shiga ɗaki.

Daren da ruwa ya shigo mini, ba ƙararsa ce ta tashe ni ba. Maiɗakina ce ta taɓa ni, ta ce, "Maigida, tabarmar yara ta jiƙe." Na sauko da ƙafa, sai na ji ni cikin sanyi har idon sawu. Na haska tocilar waya, abin da na fara gani shi ne wayar wutar da muke jona fanka da caja, kwance a ƙasa, ruwa na lasar ta. Allah ya taimake mu an ɗauke wuta tun magariba. Tun ranar ban sake zagin masu ɗauke wuta da dare ba sai na fara duba ƙasa.

Don haka wuta ce farkon shiri. Kada a bar wayar jone-jone a ƙasa daga Afrilu har ƙarshen Oktoba, a kafa ƙusa a rataye ta a bango. Kowane baligi a gidan, mace da namiji, ya san inda babban makunnin wuta yake da yadda ake kashe shi. A gidan haya mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, sau da yawa mutum ɗaya ne ya sani, kuma ranar da ake nemansa ya tafi ƙauye. A kashe tun ruwa na bakin ƙofa, da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. In ruwa ya riga ya kai inda makunnin yake, a bar shi, a fita. Kuma ko an ɗauke wuta, ka ɗauka za a iya dawo da ita a kowane lokaci.

Sai ɗaga kaya. Bulo huɗu da katako biyu sun isa su raba buhun shinkafa da ƙasa. Firiji ma a ɗora shi a kan bulo. Kanta ɗaya mai ƙwari a can sama, a ajiye Alƙur'ani da littattafai da magunguna. 'Yan kasuwa masu albasa da wake da busasshen barkono a Mile 12 sun san cewa buhun ƙasa in ya sha ruwa, na samansa ma bai tsira ba. Littafin bashi kuwa, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka ka tura wa wanda ka amince da shi. Na san yadda ake rigima a kan bashin da tawadarsa ta narke. Kuɗin ciniki kuma ba ƙarƙashin katifa ba.

[Hoto: hannu na ɗaure takardu a cikin leda, ana sakawa a bokitin fenti mai murfi]

Wannan bokitin fenti ne da aka wanke, mai murfi da ke kamawa gam. Ya fi akwati, don ruwa ba ya shiga, kuma yana da mariƙi. A ciki: takardar NIN, katin zaɓe, takardun haihuwa da na makaranta, rasit ɗin haya, katin awo in akwai mai juna biyu, katin rigakafin yara, duk a leda biyu. Sai maganin da wani ke sha kullum, na hawan jini ko na suga ko na asma, aƙalla na mako guda. Tocila, ƙaramar rediyo mai batir, abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike, 'yan canji a hannu don ranar irin wannan na'urar masu POS kan ƙi aiki. Garin kwaki, suga, ƙuli-ƙuli, dabino, abin da ba ya neman wuta. Kaya kala ɗaya ga kowane yaro. Da takarda ɗaya da aka rubuta lambobin waya da biro, saboda waya in ta faɗa ruwa ta tafi da lambobin da ke cikinta. A rataye bokitin kusa da ƙofa, kada ya zama wurin ajiyar omo.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda na fi so magidanta su ji. Da yawanmu ba ma kwana gida: wani gadi yake yi, wani yana sauke mota tun kafin asuba, wani ya yi Arewa sayo kaya. Matar tana ɗaki da yara uku, ruwa na hawa, ita kuma ba ta saba fita ba tare da izini ba. Ta kira, waya ba ta shiga. Ta zauna kan gado tana jira. Malam, ka ba da izinin nan yau, da rana tsaka, ka faɗa a fili: in ruwa ya tsallako dokin ƙofa yana ci gaba da hawa, ki kashe wuta, ki goya ƙaramin, ki ɗauki bokiti, ku tafi, kada ki jira ni. Ku kuma yanke inda za a je tun yanzu, gidan ɗan uwa a kan tudu ko benen makwabta ko masallacin da ke sama, ku taka ƙafa ku bi hanyar tare sau ɗaya don ta san ta ko cikin duhu. Ku shirya da makwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, wanda dai yake kwana a gida. In akwai tsoho ko maras lafiya, a san wanda zai ɗauke shi. Masu unguwa da limamai da fadar Sarkin Hausawa za su iya tara wannan magana bayan sallar Juma'a ɗaya.

Lambobin gaggawa a Legas 112 ne da 767, kyauta ne, ta nan ake samun hukumar agaji ta LASEMA da 'yan kwana-kwana da motar asibiti. In ka kira, faɗi sunan tashar mota mafi kusa da wata alama da kowa ya sani. A koya wa manyan yara su haddace.

A hanya, hatsarin yana ƙarƙashin ruwan. Kwatocin Legas da yawa a buɗe suke, wasu sun fi tsawon yaro zurfi, in ruwa ya shafe titi ba ka bambance kwalta da rami. In tafiya ta zama dole, a riƙe sanda ana dogarawa gaba, a sa takalmi mai rufi, yara a kafaɗa ko a goye. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. Direba, in ba ka ganin gefen titi, juya. Wayar wuta da ta faɗo, a yi nesa da ita da duk ruwan da ta taɓa, a kira kamfanin wuta.

Ruwan farko na Maris da Afrilu da iska yake zuwa, shi ke yaye kwano. A kira kafinta tun rani ya bi ƙusoshi, a sare reshen da ya rankwafo kan rufi. Ana tsawa kada a fake ƙarƙashin bishiya ko babban allon talla. Janareto kuma, don Allah, kada ruwa ya sa a shigo da shi baranda ko lungun ɗakuna. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci, an sha rasa iyali guda a dare ɗaya. A yi masa rumfa a waje, nesa da taga.

Kwata fa? Gaskiya mai ɗaci, da hannunmu a ciki. Ledar ruwa, robar lemo, shara da ake juyewa a kwata in an ga ruwa ya sauko wai zai tafi da ita. Ba ya kai ta ko'ina sai bakin kwalbati, ta toshe, ta dawo mana. Gwamnatin jihar ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024 saboda irin wannan. A yashe kwata kafin Afrilu, a kwashe abin da aka yaso a buhu a ba motar hukumar kwashe shara ta LAWMA, don in aka tara shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi.

[Hoto: ruwa ya janye, laka a tsakar gida, mata na wanke kwanuka]

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshe ba. Ruwan ambaliya ya gauraya da masai, ya shiga rijiya da fasassun bututai. A Yunin 2024 an yi fama da ɓarkewar amai da gudawa a Legas. Don haka tun kafin ruwa a cika jarkoki masu murfi a ɗora sama, a ƙalla lita 3 na sha ga kowane mutum a rana, na kwana uku. Bayan ambaliya duk ruwan da za a sha, ko daga ɗan ga-ruwa aka saya, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, ko da ciwo. In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri. Yana sha ana hanyar asibiti, ba a jira gari ya waye.

Kafin a koma ɗaki a zagaya ginin. Sabuwar tsaga a bango, ƙofa da ta daina rufuwa, ƙasa da ta lotsa, kowanne dalili ne na kwana a wani wuri har masani ya duba. Kada a kunna wuta sai mai gyaran wuta ya buɗe soket ya ga sun bushe. A zazzage takalma da tabarmi, maciji da kunama ma tudu suka nema. A kifar da duk gwangwani da tayar da ta tara ruwa, a ɗaura gidan sauro, don nan da mako biyu zazzaɓi zai fara zagaye.

Sannan kafin a wanke bango, ka ɗauki ƙusa ka ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, ka rubuta wata da shekara. Kantar da za ka kafa da soket ɗin da za a mayar, duk su zauna sama da wannan layi da aƙalla kamu biyu.