Salaga cikin hazo: hirar hoto daga Aboabo

Sani: Salamu alaikum, masu sauraro, daga nan Aboabo a Kumasi. Tun da Yaya Rabi ta saka hotunan Salaga a WhatsApp ba a bar mu mun huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya, me ya sa sama ta fito fari fat?

Rabi: Hunturu ne, Sani. Disamba da Janairu haka arewacin Ghana yake. Muna kan jirgin fito daga Yeji zuwa Makango, ko ɗaya gaɓar ba ka hangowa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara ita ke watsa haske, inuwa ta ɓace, launi ya dushe. Waya kuma da ta ga farin sama sai ta rage haske da kanta, fuskar mutum ta yi duhu. To ka taɓa fuskar a jikin allon wayar, ka ɗan ƙara haske, ka rage sama a hoton. Ka matsa kusa, don hazo abin nesa yake cinyewa. Ni bayan la'asar na fi so, lokacin rana ta koma ja kamar garwashi, bangon laka ya...

Baba Idi: 'Yata, ba ki faɗi maganar man kaɗe ba.

Rabi: Kai, Baba!

Baba Idi: Ai shi ne rabin matsalar. Leɓe ya tsage, ka shafa mai, ka kama waya, yatsa ya taɓa idon kyamara. Sai a ɗora wa hazo laifi.

Sani: Wallahi ƙanena duk hotunan suna da ya ɗauka haka suka fito.

Baba Idi: Na Tamale ya shafa ko na kanti?

Sani: Na Tamale, mai ƙamshin hayaƙin nan.

Baba Idi: To shi ne na gaske, ba ya barin hannu da wuri. Mu da muna yara har ƙafa ake mulka mana saboda faso.

Rabi: A hure ƙurar tukuna kafin a goge, kuma da ƙyalle mai laushi. Gefen riga yana karce gilashi. Amma Baba, abin da ya tsaya mini a rai rijiyoyin ne. Salaga nan fataken Gwanja ke sauka, su sayi goron Asante su nufi Kano. Kuma nan aka sayar da bayi. Akwai wurin da ake musu wanka kafin a kai su kasuwa. Na ga matasa a bakin rijiya suna ɗaga yatsu biyu suna dariya. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ni bakin rijiyar kawai na ɗauka, da busasshiyar ciyawa da ta kewaye shi.

Baba Idi: Gaskiyarki. Bayan yaƙin basasar 1892 mutanen garin suka watse, wasu Kete Krachi, wasu suka gangaro kudu. Zangunanmu da yawa akwai jinin Salaga a ciki. In ka je bakin rijiyoyin, ka yi sallama, ka gaida dattawan wurin, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Sani: Mun ce za mu taɓo masallacin Larabanga, amma lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa. Yaya, ki turo wa mutane na Makangon nan, suna ta tambaya.