Kafin A Ce Yaro Ya Lalace

Jama'a masu sauraro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ta kuma ce kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Ke nan da yawa daga manyan da ke jinya a yau, ciwonsu ya fara tun suna zaune a aji, babu wanda ya lura.

Abin da ke hana a lura shi ne, yaro ba ya iya faɗin damuwarsa yadda babba ke faɗi. Babba zai ce duniya ta ishe shi. Yarinya 'yar shekara 12 kuwa sai dai ta ce cikinta na ciwo, kullum da safe daidai lokacin tafiya makaranta, a kai ta asibiti a yi gwaji, a ce ba a ga komai ba. Yaron da a da sai an je an kamo shi daga wajen wasa, yanzu ya ƙule a ɗaki, abinci sai an matsa masa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, ƙannensa suna shakkar yi masa magana saboda saurin fushi. Malami ya ga sakamakonsa ya faɗi, ya rubuta masa "ba ya mai da hankali". A gida kuma a ce taurin kai ne, ko balaga ce ke ɗibarsa. Daga nan sai faɗa, sai bulala. Duka ba ya warkar da ciwon damuwa. Abin da yake koya wa yaro shi ne ya ƙara ɓoyewa.

Ba kowane ɓacin rai ne ciwo ba, yara ma suna da ranakun da ba su jin daɗi. Ma'aunin likitoci shi ne, idan sauyin ya kai mako 2 ko fiye, kuma ya taɓa karatu, barci, cin abinci ko mu'amala da mutane, to a nemi ma'aikacin lafiya. Idan kuwa yaro ya ce gara ya mutu, ko aka ga alamun yanka a hannunsa, ranar za a tafi, ba gobe ba. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke halaka matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Kuma bincike ya nuna cewa tambayar yaro kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin cutar da kansa, ba ta cusa masa wannan tunani.

Iyaye da yawa suna gudun asibiti ne don tsoron a ce ɗansu ya haukace, ko a ɗora shi kan ƙwayoyi har abada. Alhali a wajen yara, jinya galibi da zama a tattauna take farawa: a saurari yaron shi kaɗai, a saurari iyaye, a binciko ko ana cin zalinsa a makaranta ko a intanet, ko rigimar gida ce ke cinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayoyin maganin ciwon damuwa. Na matasa kuwa sai da sa idon ƙwararre.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarancin masu wannan aiki. Rahoton UNICEF na 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 kacal na kasafin lafiya gwamnatoci ke kashewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan abin takaici ne, domin an daɗe da sanin mafita. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane waɗannan larurori, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. Ya kamata kowace gwamnati ta kai wannan horo asibitin da ya fi kusa da jama'a, ta kuma haɗa da malaman makaranta, domin malami ne ke ganin yaro sa'o'i da dama kowace rana, kuma yana bukatar ya san wurin wa zai tura shi.