Sharhi: Yadda Ƙa'idar Binciken Kimiyya Ta Rikiɗe Ta Zama Aƙida

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai dubi wata muhawara da ta taso a Turai, ta biyo littattafan makarantun boko har ta iso azuzuwan 'ya'yanmu. Yaya aka yi ilimin kimiyya, wanda masu imani da Allah ne suka kafa tubalinsa, ya zama hujjar da wasu ke ɗagawa su ce babu komai bayan wannan duniya da ido ke gani?

Abu biyu ne a nan, kuma yawancin rikicin daga cakuɗa su ya samo asali. Na farko ƙa'idar aiki ce: idan ka shiga ɗakin gwaji, ka nemi sababin abu a cikin abin da za a iya aunawa, wani ma ya maimaita ya samu daidai da naka. Da wannan ƙa'idar ma'aikacin asibiti ke neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, in ya gama ya yi alwala ya bi jam'i. Na biyu kuwa aƙida ce, mai cewa babu wani abu samamme sai abin da awo ke kamawa: babu Mahalicci, babu rai, babu wahayi, babu tashin ƙiyama. Malamanmu sun daɗe da sanin irin wannan ra'ayi da sunan Dahriyya, kuma aya ta 24 ta Suratul Jasiya ta kawo maganar masu cewa ba abin da ke halaka su sai zamani. Abin da ya faru a ƙarni na 19 shi ne an ɗauki nasarorin ƙa'idar aikin aka jingina wa aƙidar.

Mu fara da Isaac Newton na Ingila. A 1687 ya nuna cewa ƙarfi guda ne ke jawo dutse ƙasa, yake kuma riƙe wata a kan hanyarsa. Newton mai addini ne ƙwarai, ya yi dogon rubutu a kan littattafan annabawa. Sai dai ya lura duniyoyin da ke zagaya rana suna ɗan jan junansu, ya ji tsoron a hankali tsarin zai karkace, don haka ya ce dole Allah ya riƙa gyara shi lokaci zuwa lokaci. A nan aka shuka matsalar, domin ya rataya hujjar samuwar Allah a kan giɓin da lissafinsa bai cike ba.

Giɓin kuwa ana ganinsa a sama. Masu duban taurari sun lura da biyu daga cikin duniyoyin nan: Mushtari (Jupiter) kamar yana ƙara sauri, Zuhal (Saturn) kuma kamar yana rage gudu. Wajen 1785 Bafaranshe Pierre-Simon Laplace ya warware abin. Mushtari na zagaya rana cikin shekara kusan 12, Zuhal cikin kusan 29 da rabi, wato zagaye biyar na Mushtari ya yi kusan daidai da biyu na Zuhal. Wannan dacewar ce ke sa jan da suke wa juna ya riƙa taruwa, sannan ya juya baya da kansa, a cikin zango na kimanin shekara 900. Ba karkacewa ba ce, kai da komowa ne. Giɓin Newton ya cike, kuma wanda aka koya wa cewa a nan hannun Allah yake sai ya ga kamar an ture hannun.

Haka ta riƙa faruwa a sauran fagage. A 1650 Bishop James Ussher ya lissafa daga jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Masana duwatsu irin su James Hutton da Charles Lyell suka dubi yadda ruwa ke zaizayar tsauni da yadda laka ke kwanciya hawa-hawa, suka ce shekara dubu shida ba za ta isa ba ko kusa. Awon yau, ta hanyar ma'adanan da ke rikiɗa a kan ƙayyadadden lokaci, ya kai shekarun duniya kimanin biliyan huɗu da rabi. A 1828 kuma Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar wata dabba ba, alhali da yawa na ganin sai jiki mai rai ne ke iya yin irinsa.

Bugun da ya fi zafi ya zo ne ta fannin halittu masu rai. A 1802 wani malamin coci, William Paley, ya kafa hujja da agogo: wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa, to ido da fiffike sun fi agogo tsari. Charles Darwin ya karanta wannan hujja yana ɗalibi a Cambridge, inda ake shirya shi ya zama limamin coci, ta kuma burge shi. Amma bayan tafiyar jirgin ruwa ta shekara biyar, daga 1831 zuwa 1836, da nazari na fiye da shekara ashirin, ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu a watan Nuwamban 1859. Bayaninsa mataki huɗu ne. 'Ya'yan kowace halitta suna ɗan bambanta da juna. Wasu bambance-bambancen ana gadonsu. Ana haihuwa fiye da abin da abinci da wuri za su ɗauka. Saboda haka mai siffar da ta fi dacewa da muhallinsa shi ya fi barin zuriya, siffar ta yaɗu, bayan zamunna masu yawa jinsin ya sauya. Wannan tsari ana ganin aikinsa a yau: shi ya sa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin, shi ya sa likitoci ke gargaɗin a shanye magani har ƙarshe. Darwin bai kawo gwajin da ya nuna babu Allah ba. Abin da ya rushe shi ne iƙirarin cewa babu wata hanya ta sababi da za ta kai ga tsarin ido ko fiffike.

To daga ina aƙidar ta shigo? A nan tarihi ya nuna abin da ba a cika faɗa ba: akwai rigimar muƙami da abinci a ciki. A Ingila ta wancan zamani, kujerun koyarwa a Oxford da Cambridge na hannun Cocin Ingila. Manyan malaman ilimin duwatsu irin su William Buckland da Adam Sedgwick limaman coci ne, kuma sai a 1871 doka ta cire sharaɗin bin aƙidar cocin ga mafi yawan muƙaman jami'o'in. Sabbin masana da ba su fito daga gidajen masu hali ba suna son kimiyya ta zama sana'a mai albashi, mai cin gashin kanta. A 1864 tara daga cikinsu, har da Thomas Huxley da John Tyndall da Herbert Spencer, suka kafa wata ƙungiyar cin abincin dare a Landan mai suna X Club, suka riƙa tura junansu kan shugabancin ƙungiyoyin masana. Wanda ke son karɓe kujera daga hannun limami, zai so jama'a su yarda cewa limami ba shi da ta cewa a kan komai.

A dubi abin da ya faru a 1872. Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila ya warke daga taifot, aka yi gagarumin taron godiya ga Allah a majami'ar St Paul. Likitoci suka ji an tauye musu haƙƙi. Sai Tyndall ya gabatar da shawarar wani likitan fiɗa: a ware ɗaki guda a asibiti, a yi ta yi wa majinyatansa addu'a shekara uku zuwa biyar, sannan a kwatanta yawan mace-macensu da na sauran ɗakuna. Francis Galton kuma ya kawo alƙaluma cewa 'yan gidan sarauta, da ake roƙa wa tsawon rai kowace Lahadi, matsakaicin shekarunsu kusan 64 ne, masu gonaki da dukiya kuwa kusan 70. Lissafin ya ja hankali, amma ginshiƙinsa gurgu ne. Ya ɗauki addu'a tamkar ƙwayar magani mai aiki bisa adadi, alhali masu addu'a roƙo suke yi ga Mai iko, wanda in ya so ya bayar, in ya so ya jinkirta ko ya musanya. Kuma ba wanda zai iya hana uwa yi wa ɗanta addu'a don yana kwance a ɗakin da ba a ware ba, don haka babu abin kwatance tun farko. Shekara biyu bayan nan, a jawabinsa na Belfast, Tyndall ya fito fili ya ce kimiyya za ta ƙwace dukan fagen bayanin asalin halitta daga hannun malaman addini. A wannan shekarar ta 1874 John William Draper ya wallafa littafin da ya zana tarihi gaba ɗaya a matsayin yaƙi tsakanin addini da kimiyya, Andrew Dickson White ya biyo da nasa a 1896. Masana tarihin kimiyya na yanzu sun yi watsi da wannan zane, amma shi ne har gobe ke yawo a bakin mutane.

Raunin aƙidar a fili yake. Maganar cewa abin da awo ya kama shi kaɗai ne gaskiya, ita kanta ba a auno ta a wani ɗakin gwaji ba. Sikelin mai sayar da zinariya ba ya nuna tsawon yadi, wannan kuma bai sa yadi ya rasa tsawo ba. Shi ya sa manyan masana na wancan zamanin, irin su Michael Faraday da James Clerk Maxwell, suka riƙe ƙa'idar aikin gam, suka ƙi aƙidar. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gadon siffofi da gwajin wake, ya wallafa su a 1866, ɗan zuhudu ne na cocin Katolika.

Muhawarar ba ta daɗe ba ta iso ƙasashen Musulmi. A farkon shekarun 1880 Jamaluddin al-Afghani ya rubuta raddinsa ga Dahriyya yana Indiya. A 1882 aka yi rikici a kwalejin 'yan mishan ta Bairut saboda wani malami, Edwin Lewis, ya yabi Darwin a jawabin yaye ɗalibai, har ya bar aikinsa. A ƙarshen shekarun 1880 Shehu Husain al-Jisr na Tarabulus ta ƙasar Lebanon ya ɗauki hanya mai natsuwa: ya ce a bambanta zato da hujja yankakkiya, kuma in sauyawar jinsuna ta tabbata ba za ta rushe imani ba matuƙar an yarda Allah ne ya halitta ya kuma tsara. Tushen wannan hanya tsoho ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai musa cewa auduga na ƙonewa in ta haɗu da wuta ba. Cewa ya yi wannan al'ada ce da Allah ya gudanar, ba iko ne na wutar kanta ba. Shi ne kuma ya yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, addinin yake cutarwa, domin wanda ya san lissafin zai yi shakkar addinin ne, ba zai yi shakkar lissafin ba.

Mun ga kuɗin da ake biya in an ƙi jin wannan gargaɗi. A hirar da BBC ta yaɗa a 2009, Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, ya musa cewa duniya ƙwallo ce, ya kuma musa cewa ruwan sama daga tururin da zafin rana ke tayarwa yake samuwa, yana ganin hakan ya saɓa wa cewa Allah ne ke saukar da shi. Ba tare da ya sani ba, ya karɓi sharaɗin su Tyndall ne, cewa ko dai sababi ko dai Allah, ba za a haɗa biyun ba.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren, wato gaggawar ɗaure aya da kowane sabon binciken da aka ji. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, shi ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga baya ya kawo ra'ayin cewa yana da mafari. Amma da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar wannan a matsayin tabbacin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina. Ya san sakamakon bincike na iya sauyawa, ya kuma san abin da ya sami hujjar Newton.

Wannan ba ya nufin an gama sulhu. Asalin ɗan Adam, da mu'ujizar annabawa, da haƙiƙanin rai, wurare ne da har yanzu malaman addini da masana ke ja-in-ja a kansu, tsakaninsu da juna da kuma a cikin kowane ɓangare. Ɗalibin sakandare da ke karanta darasin sauyawar halittu don jarrabawar WAEC ko NECO yana buƙatar malamin da zai nuna masa, layi bayan layi, wane ne sakamakon awo, wane ne hasashen da ake kan gwadawa, wane ne kuma ra'ayin falsafa da aka liƙa wa darasin tun zamanin su Huxley.