Yau mun fito farautar siginar rediyo da jirage uku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kuyi haƙuri da ƙarar iska, yau a fili muke can bayan garin Adelaide a kudancin Ostireliya, kuma watan Yuli ne, nan tsakiyar hunturunsu kenan, sanyi har cikin ƙashi wallahi.

Kunga wannan ɗan abun a tafin hannuna? Bai kai dabino girma ba. Shi ake ɗaura wa dabba a wuya ko a manna wa tsuntsu a baya, sai ya dinga sakin ɗan sauti ta rediyo, tik, tik, a mita wajen megahaz 150, da shi ake gane inda dabbar take. A da mai bincike eriya zai ɗauka yayi ta yawo a daji hannu a sama har kafaɗa tayi tsami, ga tudu ga bishiyoyi duk suna tare siginar. A 2015 ne masana daga jami'ar ANU ta Canberra da jami'ar Sydney suka ɗora eriyar akan dron, wato ɗan jirgin nan da ake tuƙawa daga ƙasa, cikinsu akwai Debbie Saunders, ita damuwarta wani ɗan aku ne da yake ƙyanƙyasa a tsibirin Tasmania ya tsallako teku lokacin sanyi, kuma ya kusa ƙarewa a duniya.

To mu yau abokin aikina ya ɓoye irin wannan a cikin ciyawa bai faɗa mana wajen ba, jirage uku zasu nemo shi.

Abun da nakeso ku gane shine dron ɗaya kamar baƙo ne a gari yaji kiran sallah, yasan ta wane ɓangare sautin yake zuwa amma bai san nisan masallacin ba. In ku uku ne kuka tsaya a unguwa daban daban kowa ya nuna da yatsa, inda yatsun suka haɗu nan masallacin yake. Amma fa in kuka cure waje ɗaya duk abu ɗaya zaku nuna, ba a ƙaru da komai ba. Nan wahalar aikin take, ni wata na nawa akanta ina fama, domin kowane jirgi in ka barshi inda siginar tafi ƙarfi zai nufa, sai ka gansu sun jeru kamar tumaki, dole kwamfuta ta dinga cewa kai yi gabas, kai koma kudu, kai tsaya nan, kuma duk cikin minti ashirin da 'yan kai kafin batir ya mutu.

Akwai masu auna lokacin da siginar ta iso kowane jirgi, wannan kam sai agogonsu ya daidaita da GPS, don rediyo na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya kai ka mita 300 nesa da dabbar.

Dokar nan kuma ba wasa, hukumar CASA mai kula da jiragen sama a Ostireliya bata yarda ka wuce mita 120 sama ba, kuma mutum ɗaya jirgi ɗaya sai da izini na musamman, shi yasa kuka ga matuƙa uku a tsaye.

Yauwa ku dubi allon nan, kunga da'irar da ke nuna inda abun yake tana tsukewa? Ɗazu ta cinye rabin filin, yanzu ta koma gindin waccan bishiyar turare. Bari in riƙe kyamarar da kyau mu taka mu gani.