Kaftin a Sakkwato, ɗan haya a Ikeja

Assalamu alaikum jama'a. In ka tsaya a filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na III nan Sakkwato, za ka ga matuƙa biyu sun sauko cikin fararen riguna, da zaren zinare a kafaɗa. Mai zare huɗu shi ne kaftin. Matashin da ke biye da shi, mai biyu ko uku, mataimaki ne, kuma aljihunsa za mu leƙa yau.

Tun bai ga albashin farko ba bashi ya riga shi isowa. Ko a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa a 1964, ko Ilori, ko Afirka ta Kudu, magana ce ta miliyoyi. Wani gona aka sayar masa, wani jiha ce ta ɗauki nauyinsa. Ya fito da lasisi da awa wajen 200 a sama, amma wannan ba zai ɗora shi kan Boeing 737 ba. Kowane samfurin jirgi da nasa horon, galibi a waje, kuma da dala ake biya. In kamfani ya biya masa, sai ya sa hannu cewa zai yi musu shekaru kaza, in ya gudu ya biya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kuɗin horon ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa da naira yake zuwa.

Ga wurin zama. Yawancin kamfanonin jiragen suna Legas, Abuja da Kano, don haka can zai tare. Mai gida a Ikeja kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali. Sai ka tarar mataimaka uku sun haɗa kuɗin falat ɗaya kusa da filin jirgi: wannan na barci da rana tsaka don tun ƙarfe huɗu na asuba ya fita, wancan na sauri ya goge farar rigarsa kafin a ɗauke wuta, tukunyar Indomie na kan risho.

A kamfanoni da dama, wani kaso na kuɗin da awa ake lissafa shi. Ranar da hazon hunturu ya rufe Sakkwato aka soke jirgi, fasinjoji na ta faɗa, shi ma asara yake ƙirgawa a zuci.

A gida kuwa ba wanda ya san da wannan. "Kaftin" ake kiransa tun ranar da hotonsa ya hau Facebook. Inna na jiran ragon layya, Kawu na da biki, ƙanne na da kuɗin makaranta. Ya ce babu, a ce ya yi kuɗi ya manta da dangi.

Amurka ma ta ɗanɗana illar irin wannan matsi a kan matuƙa. A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin tana zaune gidan iyayenta a yankin Seattle, ta kwana tana ratsa ƙasar cikin jiragen kaya don ta iso wurin aiki. Matuƙin da bai ƙoshi da barci ba, matsalar fasinja ce.

Mafitar mataimakin namu ita ce tara awannin tashi. Babban lasisin da ke kai mutum kujerar kaftin na buƙatar awa 1,500, doka kuma ba ta bari ya wuce 1,000 a shekara. A tsakani yana zuwa gwajin lafiya duk shekara, ido, kunne, zuciya, kuma ranar da likita ya ce a dakata, tashi ya tsaya, bashin kuwa yana nan yana jira.