Daga sharar takin zamani zuwa garin da ya yi kama da ƙashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma daga Maroko nake muku magana, a ɗakin gwaje-gwajen da nake karatu. Ku yi haƙuri da ƙarar injin nan na bayana, ba ni da ikon kashe shi.

Ku dubi robar nan. Wannan gari mai ruwan toka shara ce, ana ce mata fosfojipsum. In za a yi takin zamani, ana zuba wa dutsen fosfet asid irin na ruwan batir. Abin da ake nema ya fita, wannan kuma ya rage, kuma ba kaɗan ba: duk tan ɗaya na asid ɗin fosfet sai ya bar kusan tan 5 na sharar. Maroko ke da kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfet da aka sani a duniya. A Khouribga ake haƙo mafi yawansa, a sarrafa a Jorf Lasfar da Safi. Mu ma da rabonmu a ciki, don tun bayan yarjejeniyar 2016 fosfet ɗin Maroko ke shiga takin NPK da ake haɗawa a Najeriya.

To me ya haɗa shara da ƙashi? Kalsiyum. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashin mutum wani ma'adini ne na kalsiyum da fosfet, masana na kiransa haidroksi-afatait. Sharar nan kuwa maƙare take da kalsiyum, fosfet kawai za a ƙara mata.

Bari in matso da kyamara. Na wanke garin, na tankaɗe, na dama shi da ruwa. Yanzu ina ɗiga masa ruwan fosfet a hankali, da amoniya don kada ruwan ya yi tsami; ma'aunin pH ya tsaya wajen 10. Kun ga yadda ya yi fari ya yi kauri kamar koko? Shi ke nan ya fara haɗuwa. Sai dai aikin ba ya son gaggawa ko kaɗan. Ƙwayar kalsiyum 10 ake so ga fosfet 6, in lissafin ya kauce wani abu daban za ka samu. Daga nan sai tacewa, a busar, a gasa a tanda. Ruwan da aka tace ma ba a zubarwa, amoniyum salfet ne, shi ma taki.

Na san wani zai tambaya, "Malam, ke nan za a iya ɗora karaya da shi?" A dakata tukuna. Gaskiya ne likitoci na cike gurbin ƙashi da irin wannan ma'adini, a Japan ma tun shekarun 1980 ake sa shi a man goge baki. Amma wancan da sinadarai masu tsabta ake yin sa. Fosfojipsum na ɗauke da kadmiyum da radiyum, shi ya sa Amurka ta taƙaita amfani da shi tun 1989, aka tara shi tsibi-tsibi a Florida. Raba shi da wannan dafi shi ne babban aikin, kuma da tsada.

Ni a ganina tace ruwa ya kamata a fara sa wa gaba. Garin haidroksi-afatait ɗin nan na kama dalma, yana kama fuloraid. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun san abin da nake faɗa, don fuloraid na ruwan famfo ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ko a nan ɗin ma sai an tabbatar garin ba ya sakin nasa kadmiyum cikin ruwan. Gwajin da zan yi ke nan da zarar wannan ya bushe, in sha Allahu zan nuna muku lambobin a bidiyo na gaba.