Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Garin Gaya, Kan Batun Bututun Mai da Gadar Malanbil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, mai girma Farafe, kantoman gari, mai martaba Sarki da masu gari, malamanmu da limamai, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwa, direbobin manyan motoci, masu fito da 'yan dako na wannan gari, ina yi maka barka da zuwa Gaya, sannu da hanya, sannu da gajiya. Ka baro Yamai da ayyukanta, ka sha tafiyar kusan kilomita 300 domin ka gane wa idonka halin da bakin iyaka yake ciki, kuma mun ji daɗin haka ƙwarai, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Waɗanda suka tsayar da ni a nan sun ja kunnena cewa kada in tsaya ga gaisuwa kawai, in faɗi abin da ke ransu game da bututun man da ya ratsa ƙasarmu zuwa Benin, da kuma rufe shi da aka yi har sau biyu a shekarar 2024. Idan na yi tuntuɓen harshe a yi mini afuwa, ni ɗan kasuwa ne, ban karanta harkar mai ba, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Mu a nan kan idonmu aka haƙa ramin bututun, aka jera shi, aka binne. Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da aikin a watan Satumba na 2019, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi daga Kulele a yankin Agadem har tashar ruwa ta Seme kusa da Kwatano, tsawon kusan kilomita 2,000, wanda kashi biyu cikin uku yana cikin Nijar. Kafin nan, tun 2011, ganga 20,000 kaɗai muke haƙowa a rana, ita ma matatar Soraz ta Damagaram take ƙarewa. Da bututun aka ce za a kai ganga 110,000, a fitar da 90,000 zuwa kasuwar duniya. Matasanmu da suka samu aikin leburanci da gadi a lokacin ginin sun ɗauka arziki ya zo ƙofar gida, mu ma manya haka muka ɗauka.

Abin da ya biyo baya ka fi mu saninsa. Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka mana takunkumi, Benin ta rufe iyakarta. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ta buɗe nata ɓangaren, mu kuma muka bar namu a rufe, saboda gwamnati ta ce akwai sansanonin da ake shirya wa ƙasarmu sharri a can, zargin da hukumomin Benin suka musanta. A farkon watan Mayu shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya hana a yi lodin ɗanyen manmu a Seme, yana cewa ba a rufe wa maƙwabci ƙofa sannan a nemi a bi ta gidansa da kaya. Sinawa suka shiga tsakani, jirgi guda ya yi lodi ya tashi. A watan Yuni aka kama 'yan ƙasarmu biyar a tashar, gwamnatinmu ta mayar da martani, ta ɗaure famfon daga tushe. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka taka har Yamai neman sulhu, amma mai bai koma gudana ba sai a watan Agusta.

Ba za mu ce rufewar ba ta da amfani ba, domin da mun faɗi haka mun yi ƙarya. Ranar da labarin kama mutanenmu ya iso nan, babu rumfar da ba a yi fushi ba, kuma da aka ji an rufe famfo mutane da yawa sun ce madalla. Ƙasar da ba ta da teku kullum ana yi mata kallon mai roƙon hanya, to wannan mataki ya nuna cewa mai hanya ma yana da abin da zai rasa, tunda Benin tana karɓar kuɗin fito a kan kowace ganga da ta wuce. Ya kuma tilasta wa masu kamfanin, waɗanda suka zuba biliyoyin daloli a rijiyoyi da bututun, su tashi tsaye neman sulhu maimakon su naɗe hannu suna kallo. Mutanen da aka kama sun dawo gida. A wajen shugaba Talon ma, idan za a yi adalci, hana lodin ya ja hankalin duniya ga kukan da tashar Kwatano take yi na rashin kayan Nijar, abin da watanni na aike da wasiƙu ba su yi masa ba.

Sai dai, ranka ya daɗe, wannan makami ne mai baki biyu, kuma bakin da ke fuskantar mai riƙe da shi ya fi kaifi. A watan Afrilu na 2024 ƙasarmu ta karɓi dala miliyan 400 daga hannun CNPC, a kan za a biya da mai cikin wata goma sha biyu da ruwa kashi 7 cikin ɗari. Duk ɗan kasuwar da ke wurin nan ya san cewa ruwan bashi ba ya jiran a gama rigima, ko ka buɗe shago ko ka rufe yana nan yana hawa. Makonnin da famfo ya yi a ɗaure, gangunan da ya kamata su rage bashin suna kwance a ƙarƙashin ƙasa, albashin ma'aikata da kuɗin makarantu da na asibitoci kuwa suna jira. Asarar Benin ta kuɗin fito ce, tamu ta kayan ce gaba ɗaya. Sannan masu ɓarna sun samu ƙofa, domin a cikin watan Yunin nan ne wasu 'yan tawaye suka fasa wani sashe na bututun a gabas suka kuma fito suka ce su ne, kuma a nan jaharmu ta Dosso an kashe sojoji masu gadinsa, Allah Ya jiƙansu. Wanda ya ga gwamnatoci da kansu sun mayar da bututu abin ja-in-ja, ai an nuna masa inda zai taɓa a ji zafi.

Ba mu muka fara ba. Sudan ta Kudu, wadda ita ma ba ta da teku, ta dakatar da haƙar manta a watan Janairu na 2012 saboda saɓani da Khartum a kan kuɗin fito, alhali kusan kashi 98 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatinta daga man yake. Ta yi fiye da shekara guda a haka, baitulmali ya bushe, daga bisani a 2013 ta koma ta bi bututun nan dai da ta yi wa yaji. Mun kuma ji ana maganar a karkata ta Chadi a haɗe da bututun da ke zuwa Kiribi a Kamaru. Samun hanya ta biyu abu ne mai kyau kuma muna goyon baya, amma sabon gini ne na shekaru da kuɗi masu yawa, kuma ƙasashe biyu za a ratsa maimakon ɗaya, kowace da nata hali. Idan ba a ɗaure yarjejeniyar da kyau ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Yanzu na zo ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Yau mai yana wucewa ta ƙarƙashin gonakinmu dare da rana, yana haye kogin Isa, yana shiga Benin ba mai tare shi, amma buhun albasa ba ya iya hawa gadar Malanbil da ta haɗa Gaya da Benin. An sasanta a kan abin da ke cikin ƙasa, an bar abin da ke bisa ƙasa. Kafin rikicin nan, mafi yawan kayan da ke shiga Nijar ta Kwatano suke sauka su biyo ta wannan gada, kuma da su garin nan yake ci, tun daga mai gidan baƙi, da bakanike, da mai faci, har mai tuwo-tuwo a bakin tasha. Ka je bakin kogi da sassafe ka gani. Mota ta tsaya a wancan ƙetare, 'yan dako su sauke kaya buhu-buhu, a loda a kwale-kwale har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, mata da goyo a zaune bisa buhuna, a tuƙo, a sake saukewa, a sake lodawa a wata mota. Kowane hawa da sauka kuɗi ne, kuma a ƙarshe a kan mudun da talaka zai auna ake tara su. Ni kaina na sa an sauke mini kaya a Lome, suka biyo ta Burkina Faso, direban ya yi makonni yana kwana ƙarƙashin mota yana jiran rakiyar soja, ni kuma ina nan ban yi barcin kirki ba har ya iso, ba don kayan ba, don ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyarsa idan wani abu ya same shi a hanya.

Ba mu raina maganar tsaro ba, gwamnati tana ganin abin da ba mu gani. Amma muna tambaya cikin ladabi: mutanen da suke haye kogi cikin kwale-kwale ta mashigai barkatai, da waɗanda za su bi ta kan gada a gaban jandarma da ma'aikatan duwan, waɗanne ne aka fi iya bincikawa? Mutanen Malanbil kuwa ba baƙi ba ne a wajenmu. Akwai Dandawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani a can kamar yadda suke a nan, mun aurar mun auro, kuma akwai tsofaffi a wannan taro da aka yi wa rasuwa a ƙetare suka sha wuya kafin su isa gaisuwa.

Saboda haka roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, ka isar wa shugaban ƙasa, Janar Abdurrahman Tiani, da Firaminista Ali Lamine Zeine cewa mutanen Gaya suna fata a zauna da Benin a ƙulla magana a rubuce, yadda idan saɓani ya sake tasowa, kuma harshe da haƙori ma suna saɓawa, za a kai shi gaban masu sulhu ba tare da wani ya taɓa famfo ko ya hana jirgi lodi ba. Muna kuma roƙon irin hikimar da aka bi aka buɗe bututun a bi ta a buɗe gadar, ko da mataki-mataki ne, a fara da abinci da magani da masu tafiya a ƙasa, a ƙara jami'ai da kayan bincike gwargwadon yadda hukuma ta ga ya dace. Mu 'yan kasuwa da direbobi mun ɗauki alkawarin ba da haɗin kai ga duk binciken da aka shimfiɗa.

Bayan an sha ruwa an yi sallar azahar, mun shirya mu raka ka bakin gada da mashigar kwale-kwale, masu fito da 'yan dako suna can suna jiranka, za su faɗa maka sauran da bakinsu. Allah Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya, Ya mayar da kai Yamai lafiya. Muna sake yi maka barka da zuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.